Yadda Za a Ba Ƙananan Yara Fuloraid Daidai Gwargwado

Fuloraid sinadari ne da ake samu a cikin duwatsu da ƙasa da ruwa, kuma shi ne ake zubawa a mafi yawan man goge baki domin kare haƙora daga ruɓewa. Iyaye kan ji magana iri biyu a kansa. Wasu na cewa ba a raba yaro da shi idan ana son haƙoransa su ɗore, wasu kuma na cewa guba ne da ke ɓata haƙora da ƙashi. Kowace magana tana da tushe, kuma abin da ya raba su shi ne yawan fuloraid ɗin da hanyar da ya bi. Mafi girman amfaninsa yana samuwa ne idan ya taɓa haƙori daga waje, illarsa kuwa tana zuwa ne idan yaro ya riƙa haɗiye shi fiye da kima a shekarun da haƙoransa na dindindin suke ginuwa a cikin dasashi. Saboda haka aikin iyaye shi ne su tabbatar yana isa kan haƙora safe da dare, su kuma rage abin da ke wucewa cikin ciki.

Yana da kyau a fara sanin abin da fuloraid ke yi a baki, domin daga nan ne duk sauran matakan suka taso. Ƙwayoyin cuta da ke zaune a cikin dattin da ke manne wa haƙori suna cin sukarin da ya saura a baki su fitar da tsami, tsamin kuma yana narkar da ɓawon haƙori, wato farin rufin nan mai tauri, da zarar ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda ke sauka idan tsami ya ƙaru, ya yi ƙasa da 5.5 ko kusa da haka. Bayan an gama cin abinci yawu yakan dawo da sinadaran da suka zube, ya gyara wurin. Idan akwai ɗan fuloraid a cikin yawun, gyaran yakan yi sauri, kuma sabon ɓawon da ya haɗu yakan fi na farko jure tsami, har sai ma'aunin ya sauka wajen 4.5 kafin ya fara narkewa. Wannan ja-in-ja tsakanin narkewa da gyara tana faruwa sau da yawa a kowace rana, shi ya sa ɗan kaɗan da ake shafawa kullum ya fi amfani a kan mai yawa da ake bayarwa jifa-jifa.

Amfanin da illar tare aka gano su. A shekarar 1901 wani likitan haƙori mai suna Frederick McKay ya sauka a garin Kolorado Sifirins na Amurka, ya tarar da mutane masu haƙora ja-ja-ja da tabo, amma ya lura haƙoran nan masu tabo ba sa saurin ruɓewa. Sai a 1931 aka tabbatar cewa fuloraid ɗin da ke cikin ruwan shansu ne sanadi. Binciken da wani likitan haƙori, H. Trendley Dean, ya yi bayan haka ya nuna cewa idan ruwa na ɗauke da kimanin miligiram ɗaya a kowace lita, ruɓewar haƙori tana raguwa ba tare da tabo mai muni ba, kuma a 1945 birnin Giran Rafids na jihar Mishigan ya zama na farko da ya zuba fuloraid a ruwan famfo da gangan. Tun daga wancan lokaci maganar ba ta wuce ta awo ba.

Ga awon da ya kamata iyaye su riƙe. A 1997 Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta ƙayyade iyakar abin da yaro zai iya haɗiyewa a rana daga dukkan hanyoyi: miligiram 0.7 ga jariri daga haihuwa zuwa wata shida, 0.9 daga wata bakwai zuwa shekara ɗaya, 1.3 daga shekara ɗaya zuwa uku, sannan 2.2 daga shekara huɗu zuwa takwas. An gina waɗannan alƙaluma a kan lissafin miligiram 0.1 ga kowane kilo na nauyin yaro. Ba wai idan yaro ya haura su rana guda wani abu zai same shi ba ne. Iyaka ce ta abin da ake sha yau da gobe, wadda idan aka daɗe ana ƙetare ta haɗarin tabon haƙori yake ƙaruwa.

Ku fara da sanin ruwan da kuke sha

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ne ya fi kowanne muhimmanci, domin ruwa ne yaro ke sha kowace rana, da shi ake dafa abincinsa, da shi kuma ake dama masa madara. Fuloraid ba shi da launi ko wari ko ɗanɗano a cikin ruwa, don haka ruwa garai-garai mai daɗin sha yana iya ɗauke da ninki biyar na abin da ya dace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a kowace lita, hukumomin lafiya na Amurka kuma a 2015 sun ba da shawarar 0.7 ga garuruwan da ke zuba shi a ruwan famfo. Ruwan sama da na koguna galibi ba su da yawansa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa, na rijiya mai zurfi da na burtsatse, shi ne abin lura, musamman inda ya daɗe yana kwance a cikin duwatsu masu fuloraid, kamar yadda ake gani a yankin babban kwarin Gabashin Afirka da ya ratsa Habasha da Kenya da Tanzaniya, da kuma sassa masu faɗi na Indiya da Sin. A irin waɗannan wurare tabon haƙori ne ƙaramar matsala, domin shan ruwa mai fuloraid da yawa shekara da shekaru yana sa ƙashi ya yi tauri mara kyau, gaɓoɓi su sage, ƙafafun yara su lanƙwashe.

Idan ruwan famfo kuke sha, ku tambayi hukumar ruwa adadin fuloraid ɗin da ke ciki. Idan rijiya ce ko burtsatse, ku ɗebi ruwan a cikin kwalbar roba mai tsabta ku kai ɗakin gwajin ruwa, ku nemi a auna fuloraid musamman, domin gwajin ƙwayoyin cuta da aka saba yi ba ya nuna shi. Kada ku dogara da sakamakon rijiyar maƙwabta, saboda rijiyoyi biyu da ke kusa da juna suna iya bambanta ƙwarai idan zurfinsu ba ɗaya ba ne. Akwai kuma alamar da ido ke iya gani: idan yaran da suka tashi suna shan ruwan wuri ɗaya da yawansu suna da haƙoran gaba masu tabo fari ko ruwan ƙasa, to lallai a gwada wannan ruwa kafin a ci gaba da ba jarirai.

Idan sakamako ya haura 1.5, a nema wa yaro wani ruwan sha da na girki. Wanka da wanki da shi ba su da laifi. Tafasa ruwa ba ya fitar da fuloraid, hasali ma ƙara masa kauri yake yi, tunda ruwan ne ke tashi a matsayin tururi, sinadarin kuma ya zauna a tukunya. Matatar gawayi ta yau da kullum da ake ɗaurawa a bakin famfo ita ma ba ta cire shi. Abubuwan da ke cire shi su ne matatar da ke matsa ruwa da ƙarfi ta cikin tantani mai ƙananan ƙofofi, da matatar alumina, wani sinadari mai kama fuloraid, da gawayin ƙashi da aka ƙona musamman domin wannan aiki, da kuma mayar da ruwa tururi a sake tattara shi. Kowace irin matata aka ɗauka sai an riƙa sauya kayan cikinta a kan lokaci, in ba haka ba za ta cika ta daina aiki alhali ana zaton tana yi.

A nan ne ya dace a taɓo maganar ƙwaƙwalwa, wadda ke tayar wa iyaye da hankali. A watan Agusta na 2024 wani shirin gwamnatin Amurka mai nazarin guba ya fitar da rahoto cewa akwai matsakaicin tabbaci na alaƙa tsakanin shan ruwa mai fuloraid sama da miligiram 1.5 a lita da raguwar makin gwajin basira ga yara, ya kuma ce hujjojin da ake da su ba su isa a yanke hukunci a kan ruwa mai 0.7 ba. Abin da mai yaro zai ɗauka daga wannan rahoto shi ne ƙarin dalilin gwada ruwa da guje wa wanda ya haura iyaka. Rahoton a kan abin da ake haɗiyewa ya yi magana, don haka babu hujja a cikinsa ta hana yaro ɗan man goge baki da ake shafa masa a haƙora.

Jariri kafin haƙori ya fito

Nonon uwa yana da fuloraid kaɗan ƙwarai, ko da uwar na shan ruwa mai ɗan yawansa, don haka jaririn da ke shan nono zalla ba shi da abin damuwa ta wannan fuska kuma ba ya bukatar a ƙara masa komai. Jaririn da ake dama wa madarar gari shi ne lissafinsa ya bambanta, domin kusan duk abincinsa ruwa ne. A ɗauki jariri da ke shan kashi uku cikin huɗu na lita a rana. Idan ruwan yana da 0.7, zai sami kimanin miligiram 0.5, wato yana ƙasa da iyakarsa amma ba da nisa ba. Idan ruwan yana da 1.5, zai sami sama da miligiram ɗaya, ya wuce iyakar 0.7 ke nan. Saboda haka idan madarar gari ce babban abincin jariri kuma ruwan gida yana da fuloraid mai yawa, a dama da ruwan da aka san yana da ƙarancinsa, a kuma tafasa shi yadda aka saba domin kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan kwalba ba duka ne ke da ƙarancin fuloraid ba, sai an karanta abin da aka rubuta a jikinsa. Shayi ma kada a saba wa ƙaramin yaro da shi, domin ganyen shayi yana tara fuloraid daga ƙasa fiye da yawancin tsirrai, ga kuma sukarin da ake zuba masa.

Man goge baki

Haƙori na farko yakan fito wajen wata shida, kuma daga ranar da ya fito ake fara goge shi da buroshi ƙarami mai laushi, sau biyu a rana, ɗaya daga ciki kafin barcin dare. Goge bakin dare ya fi na safe nauyi saboda yawu yana raguwa idan ana barci, haƙora kuma su rasa mai kare su. Wasu iyaye kan ce haƙoran yarinta ne, ai za a yi famfara su zube. Wannan tunani yana cutar da yara ƙwarai, domin waɗansu daga cikin haƙoran nan ashirin, musamman na tauna, suna zama a baki har yaro ya kai shekara goma zuwa sha biyu, kuma ruɓaɓɓen haƙori yana hana yaro ci da barci, yana iya yin ƙurji ya taɓa na dindindin da ke ƙarƙashinsa.

A duba jikin bututun man a nemi lamba mai haruffan ppm, wato kashi nawa cikin miliyan. Man da ya dace shi ne mai 1000 zuwa 1500. Wanda ya gaza 1000 kariyarsa ba ta da tabbas, ko da an zana hotunan yara a jikinsa, wanda kuma aka rubuta cewa ba shi da fuloraid sam ba ya hana ruɓewa yadda ake bukata. Muhimmancin wannan man ya kai har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da shi jerin muhimman magunguna a 2021.

Yawan da ake sawa a kan buroshi shi ne inda lafiya da illa suke rabuwa. Daga fitowar haƙori na farko zuwa shekara uku, a shafa ɗan ƙanƙani kamar girman ƙwayar shinkafa. Daga shekara uku zuwa shida, a sa kamar girman ƙaramar ƙwayar wake, kimanin rubu'in giram. Wannan ita ce shawarar Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka tun 2014, kuma hukumomin lafiya na Ingila ma a kan awo irin wannan suke. Dalilin yana bayyana idan aka yi lissafi. Man da ke da 1000 yana ɗauke da miligiram ɗaya na fuloraid a kowane giram. Girman ƙwayar shinkafa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na giram ba, don haka ko da ɗan shekara biyu ya haɗiye shi duka safe da dare, abin da ya shiga cikinsa wajen miligiram 0.2 ne, alhali iyakarsa 1.3 ce. Idan kuwa aka shimfiɗa man tun daga farkon gashin buroshi har ƙarshensa yadda ake nunawa a tallace-tallace, an kusa kai giram ɗaya, kuma ɗan shekara biyu da ya haɗiye wannan sau biyu ya wuce iyakarsa tun kafin a lissafa ruwa da abinci. Ƙananan yara kuwa suna haɗiye kaso mai yawa na abin da aka sa musu, ba don taurin kai ba, sai don ba su iya sarrafa haɗiya da tofi ba tukuna.

Don haka babba ne zai matsa man da hannunsa, ya danna shi cikin gashin buroshi domin kada yaro ya lashe shi a tashin farko. Ga ɗan ƙasa da shekara uku, a zaunar da shi a kan cinya ya jingina kansa da ƙirjin mai goge masa, a ɗaga leɓe a goge inda haƙori ya haɗu da dasashi, domin nan ne ruɓewa ke farawa. Abin da ya taru na kumfa a share shi da tsabtataccen ƙyalle. Da zarar ya fara gane magana a koya masa tofarwa, a riƙa yi a gabansa yana kwaikwayo. Bayan ya tofar kada a ba shi ruwa ya kuskure baki, domin kuskurewa tana wanke ɗan fuloraid ɗin da ake so ya kwana a kan haƙora, kuma yaron da bai iya ba yakan haɗiye ruwan tare da man. Wannan shawara takan yi wa manya baƙunta tunda akasinta aka saba, amma tana da amfani sosai. A ci gaba da taimaka wa yaro da sa masa ido har ya kai shekara bakwai ko takwas. Man da aka ƙawata da zaƙi da ƙamshin alewa yana sa yara son goge baki, sai dai yana sa su son cinsa, don haka bayan an gama a ɗauke bututun a ajiye inda hannunsu ba ya kaiwa, kamar yadda ake yi da kowane magani.

Ruwan kuskure baki mai fuloraid ba na yaran da ba su kai shekara shida ba ne. Ƙwayoyi da ɗigon fuloraid da ake haɗiyewa kuma kada a saye su da ka. Likita ne kaɗai zai rubuta su, bayan ya san adadin da ke cikin ruwan gidan da kuma haɗarin ruɓewa da yaron ke ciki, kuma ba a ba jaririn da bai kai wata shida ba. Akwai wani man fuloraid mai kauri da likitan haƙori ko ma'aikacin lafiya ke shafawa a kan haƙora da ɗan buroshi, sau biyu a shekara ko fiye ga yaron da haƙoransa ke saurin lalacewa. Ƙarfinsa ya kai 22,600 a ma'aunin ppm, amma ɗan kaɗan ake sawa kuma yana daskarewa a kan haƙori nan take, shi ya sa ya dace da ƙananan yara idan a hannun ƙwararre yake. A wasu ƙasashe, kamar Suwizalan, ana sa fuloraid a gishirin girki maimakon ruwa, don haka idan likita zai rubuta ƙari a sanar da shi irin gishirin da ake amfani da shi.

Idan yaro ya cinye man

Yaron da ya haɗiye abin da aka sa masa a buroshi ba ya cikin haɗari. Abin tsoro shi ne a tarar da shi riƙe da bututu ya tsotse, ko ya buɗe kwalbar ƙwayoyin fuloraid. Likitoci suna ɗaukar miligiram 5 ga kowane kilo na nauyin jiki a matsayin adadin da ke iya zama guba mai bukatar kulawar gaggawa. Ga yaro mai kilo 10 wannan miligiram 50 ke nan, bututu mai giram 100 na man da ke da ppm 1450 kuwa yana ɗauke da miligiram 145, wato kimanin kashi ɗaya cikin uku na bututun ya isa. Alamun farko su ne tashin zuciya da amai da ciwon ciki da dalalar yawu, wani lokaci da gudawa, kuma sukan bayyana da wuri. Idan abin ya yi tsanani sinadarin kalsiyam na cikin jini yana faɗuwa, tsokoki su riƙa ɗaurewa, bugun zuciya ya rikice.

A karɓe bututun, a share abin da ya saura a bakinsa, a ba shi madara ya sha idan yana cikin hayyacinsa, domin kalsiyam ɗin madara yana kama fuloraid a cikin ciki ya rage abin da ke shiga jini. Kada a sa masa yatsa a maƙogwaro ko a ba shi wani abu domin ya yi amai. A ƙiyasta abin da ya ragu a bututun, a kira likita ko cibiyar kula da guba idan akwai. Idan abin da ya ci yana da yawa, ko ba a san yawansa ba, ko ƙwayoyi ne ya haɗiya, ko alamu sun fara bayyana, a tafi asibiti nan take tare da bututun ko kwalbar, ba tare da jiran ganin yadda zai kasance ba.

Idan tabo ya bayyana

Tabon fuloraid yana samuwa ne tun haƙori na cikin dasashi, daga haihuwa zuwa wajen shekara takwas, kuma haƙoran gaba na sama, waɗanda aka fi gani idan an yi murmushi, sun fi shiga haɗari tsakanin shekara ɗaya zuwa uku. Galibi ba a ganin sa sai haƙoran dindindin sun fito daga shekara shida zuwa sama, haƙorin da ya riga ya fito kuma fuloraid ba ya yi masa tabo. Mai sauƙinsa fararen layuka ne ko ɗigo-ɗigo da suka bayyana iri ɗaya a dama da hagu, ba ya ciwo kuma ba ya raunana haƙori. Mai tsananinsa yana zuwa da launin ruwan ƙasa da ƙananan ramuka, kuma likitan haƙori yana da hanyoyin gyara kamanninsa idan yaro ya girma.

Ba kowane farin tabo ne na fuloraid ba, kuma rikita su yana da haɗari. Farin tabo mai kama da alli da ya bi gefen dasashi a haƙoran gaba na ƙaramin yaro sau da yawa farkon ruɓewa ne, wanda maganinsa shi ne rage sukari, da hana yaro kwana da bulumboti a baki, da ƙara kula da goge baki da man fuloraid. Uwar da ta ga irin wannan ta tsorata ta daina sa man, ta cire wa haƙorin kariya a daidai lokacin da ya fi bukatarta. Saboda haka duk tabon da aka gani a kai yaro likitan haƙori ya duba, an fi so ma a fara kai shi tun kafin ya cika shekara ɗaya. Idan likita ya tabbatar tabon na fuloraid ne, a gwada ruwan gidan a kuma sake duba yawan man da ake sa wa ƙannensa, domin nasu haƙoran na dindindin suna cikin dasashi ana gina su.